Dogo da Gajere: Gardamar Harsashi a Ƙetaren Gadar Tuga

Hanyar Bagudo daga Birnin Kebbi ba ta da wuyar ganewa, tsawo ne kawai gare ta. Ka bi ta Kalgo ka faɗa Jega, ka miƙe kudu ta Maiyama har Koko, sannan ka bar babban titin da ya wuce Yawuri da Kwantagora, ka karya dama ta Besse. Ɗaurin auren 'yar wani abokina ne ya fitar da ni, a wani gari da ke ƙetaren Kwara, wajen Ka'oje. Sanyi ya fara sassautawa lokacin, amma hazo bai gama washewa ba. Duk fadamar da muka ratsa shinkafar rani ce kore shar, injinan ban ruwa na ta ƙugi, mata da yara sun duƙufa suna dashe.

Da muka kusa Zariya Kala-Kala sai direba ya rage gudu, ya nuna wata duhuwa a bayan gonaki, ya ce ta wajen nan ne giwaye suka ɓullo a shekarun baya, bayan sun ƙetaro daga Jamhuriyar Benin, har gwamnati ta yi shelar kada wanda ya taɓa su. Nan mota ta ɗauki surutu. Wata tsohuwa ta ce ita da idonta ta ga sawun, wani ɗan kasuwar albasa ya ce gonar surukinsa suka tattake. Wani saurayi a kujerar baya ya tambaya wace irin bindiga ce ke iya kayar da giwa. Kusan baki ɗaya aka ce masa AK-47, don ita ce bindigar da kunnen mutanenmu ya saba da sunanta yanzu, abin takaici.

Daga saman gadar Tuga ne mutum ke ganin girman Kwara sosai: ruwa a shimfiɗe, tsibiran yashi, jiragen Sarkawa, garken shanu a bakin gaɓa. Daga nan shingayen jami'an tsaro da na kwastan suka yawaita, don iyaka ta kusa, Tsamiya da Lolo duk gaba kaɗan suke. Aka ɗaura aure bayan azahar, aka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, aka biyo da fura da kindirmo. Abokina ya san ni da son zancen dawa. Kakana maharbi ne, ni kuwa abin da na gada wurinsa sha'awa ce da karance-karance, ban taɓa fita farauta da bindiga ba. Da la'asar ya ce in zo mu je in gaida Sarkin Bakan garin.

Dattijo ne siriri, yanar ido ta fara rufe masa ido ɗaya, amma kunnensa garau. Tun yana saurayi ya ajiye kwari da baka da bindigar toka ya ƙetara Benin, ya yi shekaru yana aikin bin sawu a sansanonin farautar Turawa da ke gefen gandun dajin W, can wajen Kandi. Aikinsa ya shige gaba, ya karanta ƙasa, ya lura da inda iska ke kaɗawa, ya kai baƙo inda dabba take, ya kafa masa sandunan ɗora bindiga, sannan ya koma gefe. Daga hunturu zuwa bazara ake yi, ruwa na sauka a rufe. A zaurensa muka tarar da amininsa kuma abokin gardamarsa, wani tsohon soja da kowa ke kira Saje, wanda ya je Laberiya da rundunar ECOMOG a 1990.

Muka durƙusa muka gaisa, aka tambayi hanya da mutanen gida. Na ce, "Baba, an ce ka ga bindigogi iri-iri a hannun Turawa."

"Na gani, ɗana. Amma in kana son tada hankalin wanga mutum," ya nuna Saje da haɓa, "tambaye ni dogo da gajere."

Saje ya gyara zama, ya ce, "Ai ka ji shi. Baƙo bai ko sha ruwa ba zai fara."

Baba ya aiki jikansa ya ɗauko wata 'yar jakar fata daga ɗaka. Ya zazzage ta a kan buzu: layu biyu, haƙorin mugun dawa, wani ɗan ƙullin tsumma, da kwanson harsashi guda biyu, fanko, tagullarsu ta yi duhu don tsufa. Ya tsayar da su kusa da juna. Gindinsu ɗaya, faɗin bakinsu ɗaya, kowanne da kafaɗa da ɗan wuya inda kan harsashi ke zama. Sai dai ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo da faɗin ɗan yatsa, wuyansa ma ya fi tsawo, kafaɗarsa ta fi zubewa. Na ɗauka na juya gindinsu, na haska da fitilar waya. A kewayen ɗan maɓallin tsakiya, wanda allurar bindiga ta loɓa, an buga rubutu: ɗaya 30-06 SPRG, ɗaya 308 WIN.

Waɗannan biyun suna cikin harsasan farauta da aka fi saye a duniya, kuma maharban Amurka sun shekara fiye da saba'in suna musu a kansu. Ban zaci musun zai same ni a wani zaure a ƙasar Bagudo ba.

Dogon shi ne babba. Sojan Amurka suka karɓe shi a 1906, shi ya sa sunansa ya ƙare da 06, 30 ɗin kuwa faɗin ramin bindigar ne, kashi 30 cikin 100 na inci. Da shi suka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da yaƙin Koriya, a bindigar Springfield ta 1903 da kuma M1 Garand. Sojojin da suka koma gida sun riga sun saba da shi, aka kuma yi ta sayar da rarar bindigogi da harsasai da araha, sai ya zama harsashin farauta na kowa da kowa a ƙasar. Bayan yaƙi na biyu aka ga albarushin zamani ya inganta, kaɗan daga cikinsa yana yin aikin mai yawa na da, don haka babu dalilin ɗora wa soja dogon kwanso. Aka yi ta gwaji har aka fito da gajere. Kamfanin Winchester ya riga kowa kai shi kasuwa a 1952 da sunan .308 Winchester, ƙungiyar NATO kuma ta karɓe shi a 1954 da sunan 7.62×51. Lambar 51 tsawon kwanson ne a milimita, na dogon kuwa 63. Tazarar ke nan, milimita 12. Kan harsashin iri ɗaya ne sak, wanda za a ɗora wa wannan shi za a ɗora wa wancan.

Ta nan Saje ya samu ƙofa, domin bindigogin FN da G3 da sojan Najeriya suka daɗe suna riƙewa duk gajeren suke ci.

"Malam, ni da shi na kwana, da shi na tashi," in ji shi. "Bindigarsa ta fi gajarta, ta fi sauƙin ɗauka, ja da turin sakatarta ya fi sauri. Ba ya shurin kafaɗa kamar wancan. Inda ka saita nan yake zuwa, shi ya sa gwanayen harbin nesa na soja da na 'yan sanda suka daɗe a kansa. Kuma duk ƙasar da ka shiga za ka same shi. Manyan ƙasashen duniya sun zauna sun ajiye dogo sun ɗauki gajere, wane ne Sarkin Baka da zai ce sun yi kuskure?"

"Su mutane sunka nuhwa da shi, Saje," in ji Baba, ko ɗaga murya bai yi ba. "Mutum hwatatai mi ta kai? Ni zancen gwanki nika yi."

Gaskiyar alƙaluma ta fi karkata wajen Saje fiye da yadda Baba zai so. Kwanson dogon yana ɗaukar albarushi fiye da na gajeren da kusan kashi ɗaya cikin biyar, amma wannan ƙarin ba ya komawa gudu duka. A lissafin kamfanonin da ke yin harsashi, kai mai nauyin giram 9.7, wanda Amurkawa ke kira giren 150, yana fita daga bakin dogon da gudun kimanin mita 885 a daƙiƙa, daga gajeren kuwa kimanin 860. Mai giram 11.7, wato giren 180, kimanin 820 ne da 800. Ratar mita 20 ce zuwa 30 a daƙiƙa, wajen kashi uku cikin ɗari. A nisan mita 300 bambancin faɗuwarsu bai kai faɗin tafin hannu ba. Baba kuwa da bakinsa ya ce a dajin da ya yi aiki, mai dogayen ciyayi da taramniya da sabara, da wuya a yi harbin da ya wuce taku ɗari da hamsin, galibi ma bai kai ɗari ba. A wannan nisa babu kankin da zai gane wanne ne ya same shi.

Inda dogon ya yi zarra shi ne kai mai nauyi. Ana ɗora masa mai giram 13, har mai 14.3, ya tura shi yadda ya kamata. Gajeren kuwa in kai ya yi tsawo sai ya nutse cikin kwanso ya cinye wurin albarushi, ratar da ke tsakaninsu ta ƙara buɗewa. Kai mai tsawo da nauyi shi ke ratsa nama da ƙashi ya yi nisa a ciki. Ladan wannan shi ne shuri: in nauyin bindigogin ɗaya ne, dogon ya fi dukan kafaɗa, ba da yawa ba, amma mai harbi yana ji.

Da na faɗi haka sai Baba ya ce to in saurara. Gwanki, in ji shi, ba kanki ba ne. Babban namiji yana kusan kilo 300, wuya kauri, ƙaho lanƙwashe baya, kuma in ya ji rauni ba gudu kawai yake yi ba, yakan durƙusa ya jira mai zuwa. A wata shekara baƙi biyu suka zo sansaninsu a bazara ɗaya. Na farko da gajere ya zo, da harsashi marar nauyi mai laushin kai. Suka samu gwanki da hantsi yana tsaye a inuwar wani kirya, bai fi taku tamanin ba. Baƙon ya harba, ya samu kan kafaɗa daidai inda ƙashi ya fi kauri. Gwanki ya faɗi, ya tashi, ya shige ciyawa.

"Tun hantsi munka bi shi," in ji Baba. "Jini ɗigo nan, ɗigo can, sai ka yi taku ashirin ba ka ga komi ba sai ganye guda da ya shahwa. Ruwanmu ya ƙare. Baƙo ya yi ja wur, shina haki, yac ce a bar shi gindin icce. Ba a barin dabba da rauni, doka ta sansani ke nan, kuma tun gida haka anka koya muna. Sai bayan la'asar munka ishe shi cikin wani kwazazzabo, ya juyo shina kallonmu. Mai sansani ne yaƙ ƙarasa shi da babbar bindiga. Da anka feɗe, harsashin ya wargaje bisa ƙashi, ko huhu bai kai ba."

Na biyun Ba'amurke ne mai dogo. Shi gwankinsa ma bai tsaya masa daidai ba, ya ba shi baya a kaikaice yana shirin wucewa. Harsashi ya shiga ta bayan haƙarƙari, ya ratsa huhu, ya fasa kafaɗar ɗaya gefen, ya tsaya ƙarƙashin fata. Taku arba'in dabbar ta yi. Nan Baba ya kwance ƙullin tsumman nan ya ajiye mini abin da ke ciki a tafin hannu. Kan harsashin ne, wanda ya ciro da wuƙarsa ranar. Gabansa ya buɗe kamar laimar kwaɗi, jan ƙarfen ya tsage ya naɗe baya, dalmar ta baje ta yi fari-fari. Rabinsa na baya kuwa yana nan daram, har da zanen layukan da ramin bindiga ya yi masa, a karkace. Yana da nauyi fiye da yadda ido ke ba ka.

Na juya shi, na ga dalma ta leƙo ta gindi ma, sai na ce, "Baba, Allah ya ja kwana, wannan shaidar ai ba ta kwanso ba ce, ta kai ce."

Irin wannan ƙirar tana da tarihi. A 1946 wani Ba'amurke mai suna John Nosler ya harbi wata ƙatuwar dabbar ƙasar sanyi da ake kira mus a Kanada, dabbar da ta fi gwanki girma, jikinta duk busasshen laka, harsashinsa ya kasa shiga yadda ya kamata, alhali bindigarsa ta fi dogo ƙarfi. Ya koma gida ya ƙera kai mai ɗaki biyu, da katangar jan ƙarfe a tsakani: ɗakin gaba ya buɗe ya yi ɓarna, na baya ya riƙe nauyinsa ya ci gaba da ratsawa. A 1948 ya fara sayar da shi da sunan Partition, har yau ana yin sa, ana kuma ɗora shi a kan dogo da gajere duka. Da baƙon farko ya sa irinsa mai giram 11.7 a gajerensa, ina kyautata zaton da ba su wuni cikin rana ba.

Saje ya tafa hannu, ya ce, "Ka ji mai ilimi!" Amma murnarsa ba ta daɗe ba, don harsashin da shi ya sani ma ba na farauta ba ne. Na soja a rufe yake ruf da jan ƙarfe har tsini, ba ya buɗewa, saboda yarjejeniyar da aka yi a birnin Heg a 1899 ta hana amfani da harsashi mai buɗewa a yaƙi. A jikin mariya ko gwambaza sai ya huda ya fice ya bar ɗan ƙaramin rami, dabba ta tafi ta mutu a inda ba mai ganinta. Shi ya sa wurare da dama suka haramta farauta da shi.

Na tambayi ɓauna. A nan ne kawai na ga bakinsu ya zo ɗaya. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce mai sansani ba zai ma bari a fita da dogo ko gajere da sunan ɓauna ba. Ɓaunar yankin nan ba ta kai ta kudanci da gabashin Afirka girma ba, ta fi ta ja, amma babban sa yana iya kai rabin tan, kuma halinsu ɗaya: in ta ji rauni takan shiga duhuwa ta zagayo ta tsaya a gefen sawunta. Abin da ake ɗauka mata shi ne .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912. Kansa giram 19.4 ne, gudunsa kimanin mita 770 a daƙiƙa, ƙarfin dukansa kusan ninki ɗaya da rabi na dogon. A ƙasashe irin su Tanzaniya shi ne mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a tunkari ɓauna ko giwa da shi. Wasu baƙin kuma da 9.3×62 suke zuwa, wanda wani maƙerin bindiga na Balin, Otto Bock, ya ƙirƙiro a 1905.

Masu son ƙaramin harsashi kan kafa hujja da W.D.M. Bell, mutumin Sikotilan da ya kashe giwa fiye da 1,000 a farkon ƙarnin da ya wuce, mafi yawansu da 7×57, wanda bai ko kai gajeren faɗi ba. Gaskiya ne, amma shi ƙwaƙwalwa yake nema da harsashi marar buɗewa, daga kusa, bayan ya tsaga kawunan giwaye ya san inda take. Ni dai ban ga abin alfahari a lissafin ba, hauren giwa yake tarawa don kuɗi. Ita kuwa AK-47 da 'yan motarmu suka ambata, harsashinta 7.62×39 ne, kai giram 8, ƙarfinsa wajen rabin na dogon. Ɓarayin daji na kashe giwa da ita, amma da ruwan wuta da azabtarwa, abin da babu maharbin kirki da zai kira shi harbi.

Wani abu da Baba ya lura da shi tun da can, bai san dalilinsa ba sai ranar, shi ne Faransawa, waɗanda su ne mafi yawan baƙin sansanonin Benin, ba sa zuwa da dogo ko gajere. Nasu 7×64 ne, ko 9.3, ko .300 Magnum. Amurkawa da wasu tsiraru ne ke kawo waɗannan biyun. Dalili kuwa dokar Faransa ta daɗe tana lissafa su a cikin harsasan yaƙi, maharbi ba shi da ikon farauta da su, sai a 2013 aka sassauta.

Tamu dokar har yau tana kan wannan turba. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigar toka da 'yan uwanta da ake ɗurawa ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinsu. Bindigar tsuntsaye mai baki ɗaya ko biyu da raifil ɗin farauta, sai da izinin Sufeto Janar. Kashi na sama kuwa, wanda aka haramta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, a ciki aka jera raifil ɗin soja masu faɗin milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da .303. Dogo da gajere duk a wannan awon suka faɗa. Wato dattawan nan biyu suna ta da jijiyar wuya ne a kan abin da babu ɗayansu da zai iya ajiyewa a ɗakinsa. Ga kuma dokar namun daji ta Arewa ta 1963 da ta tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke neman ƙarewa.

Dabbobin ma ina suke? Baba ya ce yana yaro ana ganin mariya garke-garke a fadamun Kwara, kanki da gwanki ba sai an ƙetara iyaka ba. Yanzu shinkafa ce da shanu, maharban garin kuwa in sun samo zomo da gafiya da zabin daji, ko gada in an yi sa'a, sun gode Allah. Gandun W, wanda aka kafa a 1954 a tsakanin Nijar da Benin da Burkina Faso, yana cikin wuraren ƙarshe da giwa da zaki da ɓauna suka rage a Afirka ta Yamma. Ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da ɓangaren Benin a 2020, amma 'yan bindiga sun riga sun shiga dajin, a Fabrairun 2022 nakiyoyi suka kashe masu gadin daji da wani Bafaranshe mai horar da su. Sansanin da Baba ya yi aiki ya watse, abokan aikinsa wasu sun koma noman auduga. Labarin dajin Kuyambana a Zamfara, inda da giwaye ke ratsawa, kowa ya san shi, ba sai na faɗa ba.

Babbar dabbar da ta rage musu a kusa ita ce dorina, kuma ita ba a farautarta, ita ke farautar gonaki. Namiji yana kai tan ɗaya da rabi, dare ɗaya ya isa ta share wa mutum shinkafar da ya ci bashi ya dasa. Manoma kan zo wurin Sarkin Baka da kuka. Ya ce a da aikin Sarkawa ne, da zago da igiya da jirage. Yanzu abin da yake gaya musu shi ne su kai magana ga hakimi a sanar da hukuma, su haƙa rami a mashigarta, su hura wuta, su kwana suna dukan garwa. Saje ya ce da za a ba shi FN da izini da ya gama da ita. Baba ya ce masa ko an ba shi ya bari, kan dorina a ruwa ba wurin gajere ba ne, ba kuma wurin dogo ba.

Rana ta yi ƙasa, suka matsa sai na faɗi nawa ra'ayin. Na ce da ina ƙasar da doka ta yarda, dabba kuma tana nan, in dai kanki ne da mariya da mazo da mugun dawa, gajeren ya wadatar, har ma ya fi dacewa da sabon hannu, domin wanda ke tsoron shuri yakan runtse ido ya fizgi kunama, harbi ya tafi wani wuri. Amma in bindiga ɗaya tak zan mallaka, kuma gwanki na cikin lissafi, dogon zan ɗauka, in ɗora masa kai mai ƙwari mai giram 11.7 ko 13, saboda dabba ba kullum take tsaya maka yadda kake so ba. Na ƙara da cewa fifikon kaɗan ne.

Ba wanda na gamsar. Saje ya ce ai dama jikan maharbi ba zai ƙi maharbi ba. Baba kuwa kalmar ƙarshe ce ta tsaya masa a rai.

"Kaɗan?" in ji shi. "Wanda bai bi sawun jini cikin ranar bazara ba shi ka cewa kaɗan."

Na nemi in ɗauki hoton kwanson biyu, ya hana. Ya ce a da gwangwani guda gare shi cike da iri-iri, amma da zamani ya canza, fankon harsashi a ɗakin mutum ya zama abin da sai ka yi dogon bayani, sai ya kai su tsakiyar Kwara ya zubar, ya bar waɗannan don Saje kawai. Ya mayar da su jaka, ya ce in na koma Birnin Kebbi in tambayar masa ranar da likitocin ido ke aikin yana, in aiko wa abokina da saƙo.

Aka kira magariba muka tashi. Har ƙofar masallaci Saje na riƙe da hannun rigata, yana ce mini akwai hujjar da ya manta: gidan harsashin FN ashirin yake ɗauka, na Garand takwas. Na ce masa maharbi ba ya buƙatar ashirin. Ya ce duk da haka in zan rubuta in rubuta har da wannan.